Yadda mata da miji za su kai ziyarar kwana huɗu Kapit, garin mutanen Iban a bakin kogin Rajang

Ɗan'uwanmu zai shekara huɗu yana karatu a Malesiya, ya ɗauko iyali, har a yi haihuwa a can, a gama a tattaro kaya a dawo gida, amma in ka tambaye shi me ya gani na ƙasar, daga tagwayen benen Petronas sai kasuwannin Kuala Lumpur. Alhali akwai wata Malesiyar a tsallaken teku, a tsibirin Borniyo, inda jihar Sarawak take, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa. A can kogin Rajang yake, mafi tsawo a Malesiya, kilomita 560 da 'yan kai. A bakinsa, can ciki, akwai wani ɗan gari da ake kira Kapit, wanda yawancin ƙauyukan da ke kewaye da shi na mutanen Iban ne.

Iban su ne ƙabila mafi yawa a Sarawak, kusan kashi 30 cikin 100 na jama'ar jihar. Asalinsu manoman shinkafar tudu ne masu zama bakin ruwa, kuma an fi saninsu da gidan da suke kira rumah panjai, wato dogon gida: ƙauye guda a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowane iyali da ƙofarsa. Don wannan gidan ake tafiyar. Sai dai tun yanzu ku sa a ranku cewa gidan mutane ne, da tsofaffinsu da jariransu da marasa lafiyarsu. Shirin duk da za ku yi, shirin zuwa baƙunta ne.

Takardu tukuna

Mai fasfon Najeriya sai da biza yake shiga Malesiya, kuma ana neman katin shaidar allurar rigakafin shawara ga wanda ya taso daga ƙasashenmu. Akwai kuma katin isowa da ake cikewa ta intanet, MDAC, a cikin kwana uku kafin sauka. Wanda yake zaune a ƙasar ya wuce wannan, amma ga abin da yake ba mutane mamaki: Sarawak tana da nata ikon kan shige da fice tun lokacin da ta shiga tarayyar Malesiya a 1963. Ko daga Kuala Lumpur kuka taso a jirgin cikin gida, za a duba fasfonku a buga masa hatimi. Kada ku bar shi a gida da tunanin ai cikin ƙasa ɗaya ne.

Ku riƙe takardar shaidar aure. Mu a gida an ɗaura a gaban shaidu an raba goro, magana ta ƙare, mutane da yawa ba su taɓa neman takarda ba. A Malesiya dokar keɓewar namiji da mace tana hawa kan Musulmi, don haka takarda ɗaya a jaka da hotonta a waya sun raba ku da dogon bayani. Mai yiwuwa har ku dawo ba wanda zai tambaya.

Wane lokaci, da me za a tanada

Ruwan sama ba ya yankewa a Borniyo, amma ya fi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da kogi ke cika, hanyoyin ƙauye su lalace. Babban bikin Iban, Gawai Dayak, na godiyar girbin shinkafa, ana yinsa ranakun 1 da 2 ga Yuni, kuma tun 1965 ake yinsa a hukumance. Duk wanda kuka tambaya zai ce ku je lokacin Gawai. Ni ban ba da wannan shawarar ga Musulmin da zai je karon farko ba. Gaskiya ne a lokacin ake ganin ado da rawa da kiɗa a cikarsu, amma kuma lokacin ne giyar shinkafa ke zagawa daga ƙofa zuwa ƙofa dare da rana, motoci da masauki su cika maƙil da 'yan gida masu dawowa. Ku zaɓi wani mako na yau da kullum tsakanin Maris da Satumba, lokacin da masu gida ke da sukunin zama su yi hira da ku.

Abu uku na lafiya. Na farko sauro. Mu da muka taso da zazzaɓin cizon sauro mukan raina shi, amma na yankin nan wani iri ne da sauro ke ɗaukowa daga birai, ana kiransa knowlesi, kuma a Kapit ɗin ne masu bincike na jami'ar Sarawak suka gano yawansa a jikin mutane a 2004. Yana tsananta da sauri. Ku ga likita kafin tafiya, ku riƙe man shafawa na korar sauro, in kuma zazzaɓi ya zo bayan kun dawo, ku gaya wa likita inda kuka je. Na biyu kare: tun 2017 Sarawak ke fama da cutar haukan kare, kuma kowane dogon gida akwai karnuka. Cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na kamar minti 15, a nufi asibiti a ranar. Na uku, akwai kada a kogunan Sarawak. Ba a shiga ruwa sai inda 'yan gari suka nuna.

Kaya kaɗan: tufafin auduga marasa nauyi, lema, silifas da takalmi mai riƙe ƙafa, tocila, darduma, zani biyu na uwargida, da kuɗin ringgit a hannu, ƙananan takardu. Akwai bankuna a Kapit, amma daga kun bar gari kati ya zama ado.

Neman mai masauki, tun kuna gida

Nan ne tafiyar take gyaruwa ko ta lalace. Ba a faɗa wa dogon gida haka kawai kamar daga sama. Ana zuwa ne da gayyata, ko tare da wanda aka sani a gidan. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan jagora mai lasisi daga Sibu ko Kapit, ko kuma gidan da ya yi rajista da hukumar yawon buɗe ido don saukar baƙi. Hukumar yawon buɗe ido ta Sarawak tana da ofishin ba da bayani a Sibu. In akwai ɗan Iban a makarantarku ko wurin aikinku, ya fi kowane ɗan jagora, don shi gidan iyayensa zai kai ku.

Kafin ku biya ko sisi, ku daidaita waɗannan a rubuce, ko da ta WhatsApp ne. Ku ce ku Musulmi ne, ba ku cin alade, ba ku shan giya, kuma a sanar da shugaban gidan tun kafin ku iso. Ku tambaya ko za a ba ku ɗaki ko a zauren gida za ku kwana. Ku tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa: mota, man kwalekwale, abinci, da abin da za a ba masu gida. Sannan ku tambayi ƙofa nawa gidan yake da ita, za ku ga amfanin wannan a gaba. Ana jibi tafiya ku sake kira, domin in aka yi rasuwa a gidan akwai kwanakin makoki da ba a kiɗa ba a rawa, wani lokaci ma ba a karɓar baƙi.

Rana ta farko: Sibu

Daga Kuala Lumpur zuwa Sibu kimanin awa biyu ne a jirgi. Ku kwana a nan. Gari ne da 'yan Sin masu yaren Foochow suka raya tun zuwansu a 1901, don haka abincinsa da ya yi suna, irin taliyar kampua, yawanci da kitsen alade ake yi. Ku nemi shagunan Malay ko masu tambarin halal, akwai su.

Aikinku a Sibu shi ne sayen tsaraba a babbar kasuwar garin, inda za ku ga kaji da rai an naɗe su tsaf a takardar jarida an jera, kai kawai ke leƙowa. Ga dalilin tambayar ƙofofi: abin da baƙo ya kawo, ana raba shi daidai wa daida tsakanin iyalan gidan. In gida mai ƙofa 25 ne kuka kai kwali guda babba na wani abu mai tsada, kun ba su aiki. Ku sayi abin da yake rabuwa: ƙananan ƙunshin biskit, sukari, ganyen shayi, gishiri, littattafan rubutu da fensir na yara. In kun taho da kilishi ko dabino daga gida, wannan ya fi komai jawo hira.

Rana ta biyu: hanya da garin Kapit

Shekara da shekaru ba a zuwa Kapit sai ta ruwa, a wasu dogayen jirage masu kama da jirgin sama marar fiffike da ake kira ekspres, tafiyar kamar awa uku. A wajen 2020 aka haɗa titin da ya bi ta Kanowit da Song, sai harkar jiragen ta durƙushe. Yanzu bas ko motar haya za ku hau, shi ma wajen awa uku, hanya mai kwana-kwana da hawa da gangara. Mai jin jiri a mota ya sha magani, ya zauna gaba. Ku tashi da safe don ku isa kafin azahar.

Kapit gari ne da za a zagaye da ƙafa. Ku ajiye kaya a otal, ku duba silin ɗakin, galibi akwai kibiya da aka rubuta kiblat. Alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, abin da yakan ɗaure wa Bahaushe kai kwana biyun farko. Akwai masallaci a garin, akwai kuma wuraren cin abinci na Musulmi.

Da la'asar ku tafi Fort Sylvia, kagarar katako da ke fuskantar kogi. Tarihinta a taƙaice: wani Baturen Ingila, James Brooke, ya zama sarkin Sarawak a 1841, danginsa suka riƙe sarautar har 1946. Magajinsa Charles Brooke ne ya gina kagarar a 1880, don ya tare Iban da ke ta hawa kogi suna yaƙi da ƙabilun can sama, su Kayan da Kenyah. An gina ta da belian, katakon da ko gara ba ta iya masa, shi ya sa take tsaye har yau. A gabanta aka yi babban sulhu tsakanin waɗannan ƙabilun a Nuwamba 1924, kuma a 1925 aka sa mata sunan Sylvia, matar sarki na uku. Yanzu gidan tarihi ce a hannun gidauniyar Tun Jugah, mai ɗauke da sunan babban jagoran Iban na wannan yanki wanda ya yi ministan harkokin Sarawak bayan 1963. Ku tambayi lokacin buɗewa a otal tun da kuka sauka.

Kafin ku shiga, ku tsaya a jikin bangon waje. Akwai alamomin inda ambaliya ta kai a shekaru daban-daban. Ku dubi alamar, ku juya ku dubi kogin can ƙasa, za ku gane abin da ya sa ake ɗora gidaje a kan dogayen ginshiƙai. Ruwan kuwa ja ne kamar kunun kanwa, sanadin sare dazuzzuka a can sama. A Oktoba 2010 gungume da tarkacen itace suka toshe kogin na tsawon kilomitoci masu yawa.

Rana ta uku: kasuwa da asuba, sai dogon gida

Daga sallar asuba ku wuce kasuwar Teresang, lokacin da matan ƙauye ke sauke kaya. Za ku ga midin, wani ganyen daji mai lanƙwasasshen kai da ake soyawa, da gautan Dayak mai tsami, da kifin kogi. In an yi sa'a ku ga empurau, kifin da ya fi kowane kifin ruwan daɗi tsada a Malesiya, kallo kawai za ku yi. Akwai ɓangaren naman aladen daji, sai ku kauce. In lokacinsa ne za ku ga dabai an tsiba, baƙi mai sheƙi. Wanda ya san Jos zai ce wannan ai atili ne, kuma bai yi kuskure sosai ba, dangi ɗaya ne, haka ma ake cinsa: a jiƙa a ruwan ɗumi har ya yi laushi, a barbaɗa gishiri. Ruwan ya cika zafi, ya ƙi nuna.

A nan za ku sayi kazar da za ku tafi da ita da rai, da kifi da ganye.

Wasu gidajen mota na kaiwa, wasu sai an hau dogon kwalekwale mai inji a kogin Baleh ko wani reshe. Ku nemi rigar da ke hana nutsewa a ruwa, ku sa waya da fasfo a leda. Kada kuma ranku ya ɓaci in kuka tarar da gidan na siminti ne da kwanon rufi, ga faifan tauraron ɗan'adam, ga motoci a fake. Gobara ta cinye na katako da yawa, mutane kuma suna son abin da kowa ke so. Tsarin zaman bai canja ba.

In kun isa, ku tsaya a bakin matakala sai an ce ku hau. Ku cire takalmi. Za ku shiga ruai, dogon zaure da ya ratsa gidan daga wannan kai zuwa wancan, ƙofofin iyalai a jere a gefe ɗaya. Kowace ƙofa bilik ce, wato sashen iyali guda, ba a shiga sai an kira ku. Ta waje akwai tanju, dandamalin da ake shanya shinkafa da barkono. Ɗan jagora zai kai ku gaban tuai rumah, shugaban gidan, wanda da sunansa ake kiran gidan duka. Ku zauna a tabarma, ku gaisa, ku miƙa masa tsarabar, shi zai sa a raba. Dattijo a ce masa apai ko aki, dattijuwa indai ko ini. Nama berita, wato ina labari, ya isa ya sa fuskoki su saki. In za ku gifta gaban mutanen da ke zaune, ku ɗan rusuna, kada ku tsallake ƙafar kowa. Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taso a gidan gandu.

Sai maganar tuak, giyar shinkafa, wadda ita ce ruwan maraba a al'adarsu. In an riga an sanar, yawanci shayi ko kofi za a kawo muku, don sun saba da maƙwabta Musulmi. In wani tsoho bai ji ba ya miƙo, ba a ɗaure fuska. A dafa ƙirji a ce saya orang Islam, terima kasih, ni Musulmi ne, na gode. Amma akwai abin lura: suna da camfin da suke kira puni, cewa wanda aka yi wa tayin abinci ya tafi bai ko taɓa ba, wani tsautsayi na iya samunsa. Don haka abin da ya halatta, shinkafa ko shayi ko biskit, ku taɓa ko da kun ƙoshi. Hankalin masu gida zai kwanta.

Abincin dare, ku roƙi manuk pansuh, kazar cikin gora. Maigida ya yanka kazar da hannunsa, ba wanda zai ga baƙon abu a nan. Ana yayyanka ta a cakuɗa da citta da ciyawar lemo da gishiri, a ɗura a cikin ɗanyen gora da aka saro ranar, a toshe bakin da ganyen rogo, a jingina a gefen wuta ana juyawa. Goran yana tsatsafo ruwa, bayansa yana baƙi, ƙamshi yana fita ta cikin ganyen. In an zazzage, romo ne mai ƙamshin da tukunya ba ta bayarwa. Daɗin abin ga Musulmi, goran sabo ne, ba a taɓa dafa komai a ciki ba, batun tukunyar da aka dafa alade bai ma taso ba. Abin da za ku tambaya kafin ku ci shi ne kasam, naman da aka tsima, don wani na kifi ne wani na alade.

Uwargida ta samu lokaci ta zauna da masu saƙa. Pua kumbu shi ne mayafin alfarmar Iban, aikin mata ne zalla. Bambancinsa da rinin da muka sani a Ƙofar Mata shi ne, a can Kano yadi ake ɗaurewa bayan an saƙa, nan kuwa zaren ake ɗaurewa tun kafin saƙa, a tsoma a rini, a kwance, a sake ɗaurewa don wani launi, zanen ba ya bayyana sosai sai an hau masaƙa. Ja daga saiwar engkudu ake samu, shuɗi daga ganyen baba irin nasu. Manyan masaƙa suna cewa a mafarki ake ba su wasu zanen, kuma aikin haɗa maganin rinin yana da daraja har ana kiransa yaƙin mata. Yankin Sungai Kain a kogin Baleh ya yi suna a wannan sana'a. In za ku saya, ku saya a hannun mai saƙar, ku duba baya: na hannu zanensa ɗaya ne ciki da waje, na inji bugu ne a fuska ɗaya. Kada a yi masa cinikin kasuwar Kwari. Babba yakan ci watanni.

A wasu tsofaffin gidajen za ku ga ƙoƙunan kan mutane a rataye a zaure, antu pala, ragowar zamanin yaƙin sare kai da aka daina tun tuni. Yawancin Iban Kirista ne yanzu, amma ana girmama waɗannan. Ba a taɓawa, ba a wasa a kansu, hoto sai da izini. Haka zanen jikin tsofaffi, musamman furen bunga terung a kafaɗu, wanda saurayi ke yi in zai fita bejalai, tafiyar neman arziki da sanin duniya, kusan abin da muke kira cin rani. Tsohon da aka tambaya cikin ladabi yakan ɗaga riga da kansa ya ba da labarin kowane zane da garin da aka yi masa shi.

Da dare in an buga ƙararrawar tagulla aka fara ngajat, rawarsu ta gargajiya, za a jawo ku fili. Wanda ba ya rawa ya yi tafi daga zaune, ba laifi. Wanka kuwa a banɗaki ya fi sauƙi, in kuma rafi aka nufa, mata da ɗaurin ƙirji suke shiga, a gefensu daban. Ku gaya wa mai ɗakin kuna son wurin salla inda kare ba ya shiga, za a nuna muku. Ku kwanta da wuri a cikin gidan sauro, don zakarun gidan, waɗanda ake kiwo don dambe, ba sa jiran asuba.

Rana ta huɗu: komawa

Ku bi ƙofar shugaban gida da ta wadda ta dafa muku ku yi sallama, a damƙa wa mai girkin wani abu a hannu ban da kuɗin da aka biya ɗan jagora. Hotunan da kuka ɗauka, ku karɓi lambar wani matashi a gidan ku tura masa in kun samu sabis.

Kada ku sayi tikitin jirgin da zai tashi daga Sibu da rana tsaka. Ruwan dare ɗaya yana iya sa kwalekwale ya makara ko ƙasa ta zaftaro kan titi. Ku ɗauki jirgin dare, ko ku ƙara kwana a Sibu ku tashi da safe. In kun sayi dabai a Teresang, ku nemi ruwan ɗumi a otal ku cinye a daren, ba ya jure kwana uku a leda.